Yadda ake zana saƙar igiya a sassaƙa ta a dutse irin ta mutanen Ingila na dā

A ƙauyen Bewcastle da ke arewacin Ingila, dab da iyakar Sikotlan, akwai wani dogon dutse tsaye a harabar coci, tsayinsa mita 4.4. Gicciye ne a dā, amma kansa ya ɓata tuntuni, sai gangar jikin ta rage. Tun ƙarshen ƙarni na 7 ko farkon na 8 yake nan inda aka kafa shi, ruwa da ƙanƙara na dukansa. A fuskarsa ta kudu da ta arewa akwai gidaje da aka cika da igiyoyin dutse, sun sarƙe da juna: wannan ta hau kan waccan, ta nutse ƙarƙashin ta gaba, ta sake ɓullowa. Duk wanda ya fara ganinsu, ko a hoto ne, cewa yake yi wannan sai mai baiwa. Ni ma haka na ɗauka, har ranar da na zauna da rula da fensir na gane cewa aikin gaba ɗaya a kan awo yake tsaye, da ƙa'ida guda wadda yaro ma zai riƙe. Baiwa tana nan, amma sai can gaba take shigowa, idan an zo aikin hannu.

Mutanen da ake kira Angulo-Sakson, waɗanda suka riƙe yawancin Ingila daga ƙarni na 5 zuwa 1066, asali masu aikin katako ne da ƙarfe. Gini da dutse da sassaƙarsa tare da Kiristanci suka zo musu. Bayan da wani sufi mai suna Benedict Biscop ya kafa gidan ibada na sufaye a Wearmouth a 674, sai da ya haye teku zuwa ƙasar da yanzu ake kira Faransa ya ɗauko magina, don a gida babu masu iya irin ginin da yake so. Amma saƙar igiya ba baƙuwa ba ce a wurinsu. Maƙeransu sun daɗe suna yin ta a zinariya, kamar yadda ake gani a kan maɗaurin bel ɗin da aka tono daga wani tsohon kabari a Sutton Hoo a 1939, inda dabbobi masu dogon jiki suka nannaɗe juna. Adon kuringar inabi kuwa daga ƙasashen tekun Bahar Rum ya zo. A jikin dutse irin na Bewcastle ne waɗannan biyun suka haɗu.

Abin da zan nuna maka shi ne yadda za ka yi allon dutse guda ɗaya mai saƙa, daga takarda har zuwa fenti, sannan kuringar inabi a taƙaice.

Fara da kallo

Kafin ka taɓa fensir, cika idonka. Akwai wani babban aiki na tattara bayanin kowane guntun dutsen wannan zamani da ke Ingila, wanda Farfesa Rosemary Cramp ta Jami'ar Durham ta jagoranta, kundinsa na farko ya fito a 1984, kuma an sa hotunansa a intanet. Nemi na Bewcastle, da Hexham, da Easby. Zaɓi gida ɗaya na saƙa, ka ɗora yatsa a kan igiya ɗaya ka bi ta har ta dawo inda ka faro. Yayin da kake bi, riƙa faɗa a baki: sama, ƙasa, sama, ƙasa. Za ka ga ba ta hawa sau biyu a jere, ba ta nutsewa sau biyu a jere. Ƙa'idar ke nan, kuma wadda ta san saƙar tabarma ko kitso ta riga ta san ta.

Sai ka sake kallon gidan, amma wannan karon ka manta da igiyar, ka dubi ramukan da ke tsakani. Za ka ga sun jeru layi-layi kamar gurbin dara. Riƙe wannan a ranka sosai, domin mai sassaƙa ba igiya yake yi ba. Ramuka yake tonawa, igiya ita ce abin da ya rage.

Idan Allah ya kai ka gaban ɗaya daga cikin duwatsun nan, tafi da tocila ka haska daga gefe, kusan a kwance da fuskar dutsen. Zanen da rana tsaka ke ɓoyewa zai taso. Kada ka goga masa alli, kada ka shimfiɗa takarda ka murza, kada ka kankare gansakuka. Dutsen yashi da ya haura shekara dubu yana zubewa da ɗan taɓi.

Kayan aiki

Na zane: littafin lissafi mai gida-gida, fensir, abin goge fensir, rula, kamfas, da kwali mai kauri.

Na sassaƙa: kurfi mai tsini ɗaya, kurfi mai faɗin baki guda biyu, ƙarami mai milimita 6 da babba mai 12, wanda wasu ke ce wa cizal, guduma ta katako, magagari, buroshi, buhun yashi da za ka ɗora dutsen a kai don kada ya riƙa tsalle. Tabarau da takunkumi dole ne. Ƙurar dutsen yashi tana taruwa a huhu ta haifar da ciwon da ba ya warkewa, don haka a waje za ka yi aiki, kana yayyafa ruwa, ba ka hura ƙurar da baki.

Masu sassaƙar arewacin Ingila da dutsen yashi suka fi aiki, domin shi ne a ƙasarsu. Na tsakiya da gabas kuma da dutsen farar ƙasa, kamar wanda aka riƙa haƙa a Barnack a dā. Ga ɗan koyo, na farar ƙasa ya fi, yana da laushi kuma yana bin kurfi. Ka guji dutse mai taurin dutsen niƙa, zai cinye maka baki ya karya maka gwiwa. In ba ka sami ko ɗaya ba, kwaɓa garin filasta irin wanda ake yin silin da shi, ka zuba a akwatin katako ya bushe. Ba zai koya maka nauyin guduma ba, amma zai koya maka komai na tsari. Girman da muke so: santimita 25 a faɗi, 35 a tsayi, kauri 6 zuwa 8. Ƙwanƙwasa dutsen da kurfi kafin ka saya. Mai lafiya yana amsawa da ƙara mai zaƙi, mai tsaga a ciki muryarsa a dushe take.

Mataki na farko: gidaje da ɗigo

A takarda za ka fara, da girman gaske. Zana akwati mai faɗin santimita 15 da tsayin 25. Raba shi gida-gida, kowane gida santimita 5 a kowane gefe. Ka sami gida 3 a faɗi, 5 a tsayi, jimla 15.

Yanzu ɗigo iri biyu. Sa ɗigo a kowace kusurwa inda layuka suka haɗu. Sannan sa wani a tsakiyar kowane gida. Waɗannan ɗigogin su ne ramukan da za ka tona daga baya. Igiya ba ta taɓa hawa kan ɗigo, tsakaninsu take ratsawa.

Ba ƙirƙirar zamani ba ce wannan. A bayan shafukan Linjilar Lindisfarne, wadda aka rubuta a farkon ƙarni na 8 a yanki ɗaya da duwatsun nan, har yau ana ganin hudar tsinke da sawun kamfas da layukan awo da marubucin ya shimfiɗa kafin ya fara ado. A wasu duwatsun ma, in aka auna tazarar ramuka, sai a ga awo ɗaya ne ke maimaituwa daga sama har ƙasa.

Mataki na biyu: shimfiɗa igiya

Kowane gida yana da gefe huɗu. Sa ƙaramar alama a tsakiyar kowane gefe. A cikin kowane gida, haɗa alamomin nan huɗu da layuka a karkace, su kewaye ɗigon tsakiya. In ka gama duka gidajen, za ka ga raga ta layukan karkace ta rufe akwatin. Waɗannan layuka su ne kashin bayan igiya.

Duk alamar da ke cikin akwati mahaɗa ce, wato inda igiya biyu za su gitta juna. Ƙirga su: 10 a kan layukan tsaye, 12 a kan na kwance, 22 ke nan. Alamar da ke bakin akwati kuwa ba mahaɗa ba ce. A nan igiya ke lanƙwasa ta koma ciki, don haka goge tsinin ka mayar da shi lanƙwasa mai taushi. A kusurwoyi huɗu na akwatin kana da zaɓi: ka bar lanƙwasar a zagaye, ko ka ja ta ta yi tsini ta cika kusurwar. Na dā sun fi son mai tsini, ni ma ita na fi so, don ba ta barin fili fayau.

Sai ka ba igiyar jiki. Ja layi a kowane gefe na kashin bayan, faɗinta ya zama santimita 2.5. Da gida mai santimita 5, wannan zai bar maka rami na kimanin santimita 1 a kan kowane ɗigo. In ka sirance igiyar, ramuka za su yi girma aikin ya sha iska, amma sirirriyar igiya saurin karyewa gare ta. A aikin farko bar ta da kauri.

Mataki na uku: sama da ƙasa

A nan yawancin masu koyo ke ruɗewa, saboda suna bin igiya ɗaya suna yanke hukunci mahaɗa bayan mahaɗa, har su manta inda suka tsaya. Akwai hanya mafi sauƙi. A duk mahaɗar da ke kan layin tsaye, igiyar da ta taso daga hagu ta ƙasa zuwa dama ta sama ita ce a bisa. A duk wadda ke kan layin kwance, kishiyarta ce a bisa. Shi ke nan. Gama na layukan tsaye duka, sannan ka koma na kwance, kana goge layukan igiyar da ta nutse. In ka gama, bi da yatsa ka tabbatar. Za ka tarar sama da ƙasa sun jeru da kansu, har a wajen lanƙwasa.

Za ka kuma tarar da wani abin daɗi: igiya ɗaya ce tak ta zagaye akwatin duka ta dawo mafarinta. Ba sa'a ba ce. Yawan igiyoyin yana bin babbar lambar da ke raba faɗi da tsayi ba saura. 3 da 5 ba abin da ke raba su sai 1, don haka igiya ɗaya. Da 3 da 3 ne, igiya uku za ka samu. Da 2 da 2 ne, zobe biyu sarƙe da juna, ƙulli mai mahaɗa huɗu wanda duk wanda ya san dagi zai ga kamanninsa, ko da yake kowanne da tarihinsa daban.

Mataki na huɗu: shinge

Abin da ke hannunka yanzu saƙa ce miƙaƙƙiya, irin ta kwando. Tana da kyau, kuma akwai ta a duwatsu da yawa, amma ba ita ce ke tsayar da mutum a Bewcastle ba. Abin da ke mayar da ita ƙulli shi ne shinge.

Zaɓi mahaɗa ɗaya. Kowace mahaɗa tana zaune ne tsakanin ɗigo huɗu: biyu na kusurwa, biyu na tsakiyar gida. Ja gajeren layi da ya haɗa biyu na kusurwa, ko biyu na tsakiya, ya bi ta kan mahaɗar. Wannan shi ne shinge, kuma igiya ba ta tsallake shi. Igiyoyi biyun da za su gitta juna a nan, yanzu kowacce za ta lanƙwasa ta kauce, kamar baka biyu da suka juya wa juna baya. Goge mahaɗar ka sake zana su haka. Kada ka taɓa sauran mahaɗun, domin shinge ba ya ɓata jerin sama da ƙasa, ko guda nawa ka sa.

Inda shinge biyu suka haɗu suka yi kusurwa, igiya za ta shiga ta juyo, ta yi madauki mai tsini. Inda ka jera shinge biyu ko uku a layi ɗaya, igiya za ta miƙe ta bi gefensu doguwa, ta ba ido hutu. Daga waɗannan biyun duk ƙulle-ƙullen suka fito. Wani masani mai suna Romilly Allen ne ya baje wannan dalla-dalla a 1903, ya nuna cewa ƙullin da ya fi kowanne rikitarwa ma saƙa ce da aka datse a wurare. Daga baya, a 1974, Gwenda Adcock ta nazarci duwatsun arewacin Ingila a Durham ta kasa tsarinsu gida shida, daga A zuwa F, kuma da wannan kason masana ke bayyana su.

Shawarata: abin da ka yi a dama yi shi a hagu, abin da ka yi a sama yi shi a ƙasa, kuma kada ka wuce shinge huɗu ko shida a wannan ƙaramin akwati. In suka yi yawa, saƙar za ta wargaje ta zama 'yan zobba da ba su riƙe juna ba. Zana akwati biyar ko shida da shinge daban-daban kafin ka zaɓi ɗaya. Takarda ba ta da tsada. Kuma duk lokacin da ka ƙara shinge, sake bi da yatsa, domin yawan igiyoyin na iya canzawa.

Mataki na biyar: komawa kan dutse

Daidaita fuskar dutsen da babban kurfi, ka goge ta da wani guntun dutse da ruwa har rula ta kwanta ba tare da haske ya ratsa ƙarƙashinta ba. Kada ka kwafi igiyar daga takarda. Sake shimfiɗa gidajen da ɗigon a kan dutsen kai tsaye, sannan ka zana igiyar a kansu, kana duban takardar. Hanya mai sauri ita ce ka huda ɗigogin a kwali, ka ɗora a dutse ka ɗiga da fensir ta cikin hudar. Ajiye kwalin, zai sake yi maka amfani. Wani masani mai suna Richard Bailey ya nuna cewa wasu masu sassaƙa na ƙarni na 10 a arewa sun yi amfani da ma'auni irin wannan, domin lanƙwasa ɗaya da girma ɗaya tana bayyana a duwatsu daban-daban.

Akwatin zai bar maka santimita 5 a kowane gefe. Kada ka taɓa shi, shi ne bakin allo. Na dā ba sa barin ado ya zube ba iyaka, kullum akwai baki, wani a shimfiɗe, wani a mulmule kamar igiya. A gicciyen Ruthwell da ke kudancin Sikotlan, mai tsayin mita 5.5, a kan wannan bakin aka yanka rubutu: Latin a kewayen hotuna, baitocin waƙa da haruffan run, tsohon rubutun mutanen arewacin Turai, a kewayen kuringar inabi. An farfasa wannan gicciyen a 1642 bisa umarnin majalisar cocin Sikotlan, wani limamin coci mai suna Henry Duncan ya harhaɗa shi ya tayar a 1823, aka shigar da shi cikin coci a 1887.

Da fensir ko gawayi, baƙanta duk inda za a tona. A kowace mahaɗa kuma sa ɗan ɗigo a gefe biyu na igiyar da ke bisa, wato a kan wadda za ta nutse. Na taɓa tsallake wannan na dogara da ido, ƙura ta rufe zanen, na nutsar da igiyar da ya kamata ta hau. Abin da kurfi ya cire ba ya dawowa.

Mataki na shida: tona ramuka

Ɗauki kurfi mai tsini. A kan kowane ɗigo, buga a tsakiya, ka faɗaɗa a hankali ba tare da ka kai layin fensir ba. Bugu ƙanana masu yawa, ba ƙaton bugu ɗaya ba. Nauyin guduma ne ke aiki, ba damtsenka ba. Kafin shinge kana da cikakkun ramuka 23 a ciki, da rabi-rabi a bakin akwati. Inda ka sa shinge, ramuka biyun da ya haɗa za su zama rami ɗaya dogo.

Zurfi milimita 8 zuwa 10 ya isa. Yanka ɗan tsinke daidai wannan tsawon ka riƙa aunawa, domin rami ɗaya da ya fi 'yan uwansa zurfi yana jan ido kamar giɓi a baki. Sai ka ɗauki ƙaramin kurfi mai faɗi, ka aza bakinsa a kan layin fensir, ka karkata shi zuwa cikin ramin ka yanke. Bangon rami ya sauka a ɗan kishingiɗe, sama ta fi ƙasa faɗi, ta yadda gindin igiya zai fi samanta kauri. In ka yanka shi tsaye ƙyam ko ka shiga ƙarƙashi, gefen zai ɓalle.

Gama dukkan ramuka kafin ka taɓa mahaɗa ko ɗaya. A wannan lokaci dutsen zai yi kama da raga, ba saƙa ba. Kada ranka ya ɓaci.

Mataki na bakwai: mahaɗa da mulmulawa

Nan ne dutse ke zama igiya, kuma nan ne aikin ke neman natsuwa. A kowace mahaɗa, yanka layi biyu a gefunan igiyar da ke bisa, zurfin milimita 2 ko 3. Sannan ka dawo baya kamar santimita ɗaya a kan igiyar da za ta nutse, ka fere ta a hankali tana gangarawa zuwa wannan yankan. Yi haka a ɗaya gefen. Gangara ce ake so, ba matakala ba. In ka yi daidai, ido zai rantse igiyar ta shige ƙarƙashi ta fito, alhali milimita 3 kawai ka cire. Ka tabbata gefunanta sun daidaita a inda ta shiga da inda ta fito. In suka kauce ko da kaɗan ne, sai ta zama guntaye biyu.

Daga nan akwai hanyoyin gamawa, kuma kowacce tana da shaida a tsoffin duwatsu. Ta farko, ka fere gefunan igiya ka mulmule bayanta da magagari har ta yi kamar igiyar gaske. Wannan ita ce ta gidajen ibada na ƙarni na 8, kuma ita ce mai cin lokaci. Ta biyu, ka bar samanta a shimfiɗe ka ja tsaga ɗaya a tsakiyarta daga farko har ƙarshe, sai ta zama kamar igiya biyu a jere. Wannan tana ninka kyan aiki da ɗan ƙaramin wahala, amma tsagar ma dole ta katse a inda igiya ta nutse. Ta uku, ka bar ta shimfiɗe ba ƙari.

Wannan ta ukun ta yawaita ne bayan da mayaƙan Viking, 'yan arewacin Turai, suka ci birnin York a 866. Gidajen ibada da yawa na arewa suka durƙushe, masu sa a yi sassaƙa suka zama masu ƙasa a ƙauyuka, duwatsu suka ƙaru, aiki ya ragu a zurfi. A wasu ma za ka kama inda igiya ta hau sau biyu a jere. Amma kada a ce zamanin ba gwanaye. Gicciyen Gosforth na ƙarni na 10, siriri mai tsayin fiye da mita 4, gindinsa a mulmule samansa mai kusurwa huɗu, yana ɗauke da sarƙar zobba irin ta mutanen arewacin Turai da ba mai yin ta sai wanda hannunsa ya faɗa.

Kada ka goge aikin har ya yi santsi kamar tangaran. Ɗan sawun kurfi a cikin ramuka yana riƙe inuwa.

Kuringar inabi

Ita ba ta bin gidaje, kamfas take bi. A dogon akwati, jera da'irori ɗaya bisa ɗaya, kowacce ta kusa cika faɗin. Uwar kuringa ta taso daga ƙasa, ta bi ta daman da'irar farko, ta ratsa tsakani ta koma hagun ta biyu, ta sake komawa dama, kamar tafiyar maciji. A kowace lanƙwasa reshe ya fita ya nannaɗe zuwa cikin da'irar, zagaye ɗaya da rabi ko biyu, ya ƙare da nonon inabi ko ganye. A inda reshe ya rabu da uwa, kumbura wurin ka yi masa zobba biyu ko uku kamar gaɓar rake. Kusurwoyin da suka rage tsakanin da'irori, cika su da ganye mai tsini ko toho. 'Ya'yan inabi kuma, tona ƙananan ramuka a tsakaninsu tukuna, sannan ka mulmule kowanne.

Ga masu ita, wannan kuringa tana nuni ne da maganar da ke cikin Linjilar Yahaya, inda Almasihu ya kwatanta kansa da kuringar inabi, mabiyansa kuma rassa. A fuskar gabas ta Bewcastle kuringa ɗaya ce ta tashi daga ƙasa har sama, tsuntsaye da dabbobi zaune a cikin naɗe-naɗenta suna cin 'ya'ya, na can ƙoli masu kama da kurege. Wanda ba ya son sassaƙa mai rai yana da abin koyi a Hexham, a gicciyen da ake dangantawa da Bishop Acca wanda ya rasu a 740: rassa ne da ganye da inabi zalla, suna gitta juna, kuma a ganina babu kuringar da ta fi ta tsabtar aiki.

Abu ɗaya da allonka mai kusurwa huɗu ba zai koya maka ba: jikin gicciye yana tsukewa yayin da yake hawa. In za ka yi aiki a dogon dutse irin wannan, raba faɗin ƙasa gida uku, raba na sama gida uku, ka haɗa su da layuka, sannan ka riƙa rage tsayin gidaje da girman da'irori kana hawa. Igiya ma ta riƙa sirancewa da su.

Fenti

Launin toka da muke gani a yau aikin ruwan sama ne. Da yawa daga cikin duwatsun nan fentattu ne a zamaninsu. A 2003, yayin tono a babban cocin Lichfield, an sami guntaye uku na siffar mala'ika da aka sassaƙa wajen shekara ta 800, da launinsu a jiki: ja, fari, rawaya da baƙi. Don haka in ka so, wanke allonka da ruwa da buroshi, ka bar shi ya bushe sarai, ka shafa farar ƙasa tsararo sau biyu don kada ta cike ramuka. Jar ƙasa da aka niƙa ta yi laushi za ta ba ka ja, garin gawayi ya ba ka baƙi. Zuba duhu a cikin ramuka, haske a kan igiya, ka gwada a bayan dutsen tukuna.

A allo na biyu, huda sabon kwali mai gida 4 a faɗi da 6 a tsayi. Wannan zai ba ka igiya biyu, sai ka ba ɗaya ja, ɗaya rawaya, ka rage gida zuwa santimita 4 da igiya zuwa santimita 2 don allon ya ɗauke su.